WA YA YI KISAN? LITTATTAFAN DA KE HANA SAMARI BARCI

Malaman makarantun sakandare da iyayen yara sun san wani irin littafi wanda in ya shiga hannun yaro ko yarinya, to, sai haƙuri. A kira shi cin tuwo ya ce ga shi nan zuwa, a kashe fitila ya kunna tocila cikin bargo, gari ya waye ya shiga aji da jajayen idanu. In ka karɓi littafin ka duba sai ka tarar labari ne na kisan kai. An kashe wani, ba a san wanda ya yi ba, ga kuma wani matashi ya ɗaura aniyar ba zai huta ba sai ya tono gaskiya.

Mutane sun rabu biyu a kan irin waɗannan littattafai. Waɗansu sun ce a ƙwace su, domin yaron da a ke ciyar da hankalinsa da labarin jini da gawa, zuciyarsa za ta bushe. Waɗansu kuwa sun ce a bar su, tun da ya ke yaron da ba ya iya gama shafi biyu na littafin aji, ga shi ya cinye shafi ɗari huɗu cikin kwana uku ba wanda ya tsaya kansa da bulala. Wannan magana ba ƙarama ba ce, domin malamin da ya ƙwace littafi yana iya kashe wa yaro son karatu har abada, wanda kuma ya sake shi ba ja-gora yana iya barinsa ya haɗiye tsaba da tsakuwa. Sabo da haka ya kamata mu san asalin abin, da yadda a ke ƙera shi, da amfaninsa da illarsa, kafin mu yanke hukunci.

ASALIN ABIN

Labarin kisan da ba a san mai shi ba ya daɗe a duniya. Cikin Dare Dubu Da Ɗaya akwai labarin tuffa uku. Wani masunci ya jefa taru cikin Kogin Dijla ya jawo akwati a kulle. Da aka buɗe gaban Halifa Haruna Rashidu sai ga gawar wata mace. Halifa ya ba Waziri Ja'afaru kwana uku ya kawo wanda ya yi, ko kuwa a rataye shi a madadinsa. Daga baya ta bayyana mijinta ne ya kashe ta. Ba ta da lafiya ta yi marmarin tuffa, ya tafi har Basra ya sayo mata guda uku. Sai ya ga ɗaya a hannun wani bawa, bawan ya shirga masa ƙarya ya ce farkarsa ce ta ba shi. Mijin ya koma gida ya ƙirga ya ga saura biyu, bai tsaya bincike ba ya aikata abin da ya aikata. Ashe ɗansu ne ya ɗauki tuffar ya fita da ita, bawan ya fizge. A lura fa, a wannan labari Waziri bai yi wani bin sawu ba, gaskiya ce ta kawo kanta.

Wanda ya fara sa mai bincike ya zama shi ne gwarzon labari, yana auna shaida da hankalinsa, shi ne wani Ba'amurke, Edgar Allan Poe. A shekarar 1841 ya buga labarin da ya kira The Murders in the Rue Morgue, inda aka kashe uwa da 'yarta a wani ɗaki kulle a birnin Faris. 'Yan sanda suka kama wani akawun banki, don kawai shi ne ya rako uwar da kuɗi zuwa gida kafin abin ya faru. Wani mutum mai suna Dupin ya duba ɗakin, ya auna maganganun maƙwabta, ya fid da akawun daga ƙangi. Bayansa sai Arthur Conan Doyle na ƙasar Birtaniya ya fito da Sherlock Holmes a 1887, ya rubuta dogayen labarai 4 da gajeru 56 a kansa. Sa'an nan Agatha Christie ta shigo fage a 1920. Ita kuwa ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti lokacin Yaƙin Duniya na Farko, shi ya sa ta san kan guba ƙwarai, kuma kafin ta rasu a 1976 ta bar littattafan bincike 66.

Duk waɗannan don manya aka yi su. Na yara sun fara yawaita a Amurka da jerin Hardy Boys a 1927 da na Nancy Drew a 1930, amma galibin abin da ke cikinsu sata ce da fasa-ƙwauri da ɓatan wasiyya. Sannu a hankali marubuta suka ga 'yan shekara 14 zuwa 18 sun wuce wannan, suka fara kawo musu kisa sosai. A 1989 ƙungiyar marubutan labaran bincike ta Amurka ta ware wa littattafan samari kyauta tasu daban, cikin kyaututtukan da ta ke bayarwa da sunan Poe. A 2017 Karen McManus ta buga One of Us Is Lying, watau ɗayanmu ƙarya ya ke yi. 'Yan makaranta biyar aka tsare a aji don horo, ɗayansu wanda jikinsa ba ya ɗaukar gyaɗa ya sha ruwan da aka zuba wa man gyaɗa ya mutu, sauran huɗun kuwa ko wanne yana da asirin da mamacin ke shirin tonawa.

WANI LITTAFI DA YA YI SUNA

Bari mu ɗauki guda ɗaya mu duba shi da kyau. A 2019 wata 'yar Ingila, Holly Jackson, ta buga littafinta na farko mai suna A Good Girl's Guide to Murder, ma'anarsa kusan ja-gorar yarinyar kirki kan sha'anin kisa. A 2020 ya ci kyautar littafin ƙagaggen labari na yara a gasar littattafan Birtaniya. Ta bi shi da na biyu a 2020 da na uku a 2021, kuma a 2024 gidan BBC ya mai da shi wasan talabijin.

Ga yadda labarin ya tashi. A wani ƙaramin gari na Ingila wanda marubuciyar ta ƙaga ta kira shi Little Kilton, wata 'yar makaranta, Andie Bell, ta ɓace, ba a ga ko gawarta ba. Bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawar saurayinta, Sal Singh, cikin kurmi, da wayarta a jikinsa, an kuma aika wa ubansa saƙo daga wayarsa mai nuna ya amsa laifi. 'Yan sanda suka ce shi ya kashe ta sa'an nan ya kashe kansa. Ba a yi shari'a ba, don ba a kai matacce gaban alƙali. Gari duka ya yarda, jaridar garin ta yayata, aka ƙaurace wa iyayensa da ƙanensa, da ma su 'yan asalin Indiya ne.

Bayan shekara biyar sai wata yarinya 'yar shekara 17, Pippa Fitz-Amobi, wadda a ke kira Pip, ta zaɓi wannan al'amari ya zama aikin binciken da za ta miƙa a shekararta ta ƙarshe a makaranta. Sunan Amobi na mijin uwarta ne, mutumin Nijeriya, wanda ya rene ta. Pip ta san Sal tun tana ƙarama, ta san shi da kirki, zuciyarta ba ta kwanta da abin da gari ya faɗa ba. Ta haɗa kai da ƙanensa Ravi, suka shiga tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya. Tun da farko ta lura da abu guda: abokan Sal da farko sun gaya wa 'yan sanda yana tare da su har bayan sha biyun dare, daga baya suka juya suka ce ya tafi tun ƙarfe goma da rabi. Me ya sa suka sake magana? Daga wannan ɗan zare ta fara ja, har ta kai inda aka fara aiko mata da takardun kashedi.

Ba za mu faɗi ƙarshensa ba, domin faɗa wa mutum wanda ya yi kisa kafin ya kai shafin ƙarshe daidai ya ke da zuba masa ƙasa cikin fura. Abin da za mu ambata shi ne tsarin littafin. Marubuciyar ba ta tsaya ga ba da labari kawai ba. Ta shimfiɗa wa mai karatu takardun Pip kamar yadda a ke buɗe fayil a ofis: ga rahoton ko wace rana, ga hirar da ta yi da ko wane mutum kalma bayan kalma, ga taswirar gari, ga jerin waɗanda ta ke zargi yana ƙaruwa yana raguwa. Abin da Pip ta gani shi mai karatu ya gani, sabo da haka yana iya riga ta ganewa, ko kuwa ya faɗa ramin da ta faɗa.

DABARAR JAN RAI

Ina sirrin da ya sa a ke kasa ajiye irin wannan littafi? Abu uku ne.

Na farko, yanke magana a daidai inda ta yi daɗi. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. Da ita Shaharzadu ta tsira da ranta, da ita kuma akun nan na cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya riƙe ɗan Sarki Musa dare bayan dare ya hana shi fita. Mai rubuta labarin kisa ya kan yi babi gajere, ya rufe shi da ƙwanƙwasa ƙofa ko da ganin wani suna inda bai kamata ba. Mai karatu ya ce bari in ƙara babi ɗaya, sai ya ji kiran asalatu.

Na biyu, ɓad da sawu. A kan jera mutane biyar ko shida, ko wanne da dalilin da zai sa ya so mamaci ya kau, ko wanne kuma yana ɓoye wani abu. Amma ɓoye abu daban, kisa daban. Wani bashi ya ke ɓoyewa, wata kuwa wasiƙar soyayya. Mai karatu ya ga mutum ya yi ƙarya sau ɗaya sai ya ce shi ne, alhali kuwa an ja shi ne zuwa wata hanya don ya bar ta gaskiya.

Na uku, adalci ga mai karatu, kuma da shi a ke bambanta gwani da ɗan koyo. A 1929 wani limamin Kirista na Ingila, Ronald Knox, wanda shi ma marubucin irin waɗannan labarai ne, ya tsara ƙa'idodi goma. Cikinsu akwai cewa lalle mai laifi ya zama wanda aka ambata tun farkon labari. Ba a yarda a warware matsala da tsafi ko aljanu ba, ba a yarda sa'a kawai ta taimaki mai bincike ba, kuma duk alamar da ya tsinta dole ya nuna wa mai karatu. Marubuta da yawa sun taka waɗansu daga cikin ƙa'idodin nan da gangan, amma tushensu yana nan: in ka kai ƙarshe ka waiwaya, ya kamata ka ga amsar ta daɗe a gabanka, kai ne ba ka kula ba.

HUJJAR MASU ƘI

Masu ƙin littattafan nan suna da abin faɗa, kuma wajibi ne a saurare su. Littafin Holly Jackson ya ƙunshi shan giya a taron samari, da cinikin ƙwaya, da cin zarafin 'yan mata. An rubuta shi ne don 'yan Ingila masu tasowa, cikin al'adar da ta bambanta da tamu. Ba littafin ɗan firamare ba ne, ba kuma na ƙananan azuzuwan sakandare ba. Malamin da ya miƙa shi ga yaro ɗan shekara 11 bai kyauta ba.

Bugu da ƙari, ita Pip ɗin ba ko wane halinta ne abin koyi ba. Ta yi ƙarya don ta sami labari, ta shiga gidan mutane ba da izini ba, ta je wurin masu mugun hali ita kaɗai ba ta gaya wa iyayenta ba. A littafi marubuciya tana nan tana tsaronta. A duniya kuwa yarinyar da ta yi haka tana iya rasa ranta, tana kuma iya ɓata shaidar da hukuma za ta yi aiki da ita. Irin waɗannan littattafai su kan nuna manya duk a makance, yaro kaɗai ke gani, don haka ne su ke yi wa samari daɗi. Amma mun san abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Akwai kuma illa ta uku wadda ta fi ɓoyuwa. Mai karatu yana iya manta cewa gawar nan ta mutum ce mai uwa da uba, ya ɗauke ta kamar kacici-kacici. Littafin da ya mai da mutuwa abin wasa, ko ya tsaya yana kwatanta yanka da jini don ya burge, wannan ba shi da wurin zama a ɗakin karatu na makaranta.

HUJJAR MASU SO

Duk da haka, in aka ɗora a kan sikeli, muna ganin amfanin nagari daga cikinsu ya rinjayi illarsu. Labarin bincike ba ya goyon bayan mai kisa. Tun daga shafin farko har na ƙarshe abu ɗaya ya ke cewa: ran mutum yana da daraja, ba a barin jini ya tafi a banza, kuma rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Darasin da ya fi wannan girma shi ne na zato. A duba labarai ukun da muka kawo. Miji ya kashe matarsa don ya gaskata maganar wanda ya gamu da shi a hanya. 'Yan sandan Faris sun kulle akawu don an gan shi kusa da kuɗi. Mutanen Little Kilton sun la'anci yaro a kabarinsa shekara biyar, don abin da aka gaya musu ya dace da abin da da ma su ke so su ji game da baƙo. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. A zamanin nan da jita-jita ke ratsa gari ta wayar hannu kafin a gama shan koko, mun sha jin inda aka yi wa mutum ihun ɓarawo, jama'a suka far masa, sai daga baya a ji ba shi ba ne. Yaron da ya karanta littafi biyar irin waɗannan, aka yaudare shi sau biyar, ya zargi marar laifi ya ji kunya, ya koyi tsayawa ya ce: wa ya faɗa? Da idonsa ya gani ko ji ya yi? Me zai samu in aka yarda da maganarsa?

Ma'aikatan ofis su ne za su fi kowa gane wannan. Duk wanda ya taɓa riƙon littafin kuɗi ko rajistar kotu ya san gaskiya ta kan ɓuya cikin ƙananan abubuwa, kamar kwanan watan da bai dace da na rasit ba, ko sa hannun da ya sake kama, ko shaidar da ya faɗi abu yau ya faɗi wani gobe. Aikin Pip ke nan daga farko har ƙarshe. Yaron da ya saba da shi tun yana makaranta, ranar da aka ɗora shi kan tebur ba za a yi saurin rufe masa ido ba.

SHAWARA GA MALAMAI

To, yaya za a yi? Da farko malami ya karanta littafin shi da kansa kafin ya hana ko ya yarda, don ba a shari'ar abin da ba a gani ba. In ya ga ya dace da shekarun ajinsa, sai ya mai da shi aikin aji. A karanta tare har a kai kashi uku cikin huɗu, a rufe. Ko wane ɗalibi ya rubuta sunan wanda ya ke zargi, da hujja uku, da lambar shafin da ya sami ko wace hujja. Wanda ya ce jikinsa ne ya ba shi, a ce masa jiki ba ya shaida a kotu. A zana layi uku a allo: wanda ke da dalilin yin kisan, wanda ke da halin yinsa, da wanda ya sami damar kasancewa a wurin a wannan lokaci. A tsara sa'o'in daren da abin ya faru, a ga maganar wa ta ci karo da ta wa. Bayan an gama littafin a koma baya a nemo alamun da aka tsallake.

Kada kuma a tashi sai an tambayi ajin: a wane wuri ne yarinyar nan ta ƙetare iyaka? In da a garinmu ne, wa ya kamata ta fara gaya wa? Da wannan tambaya a ke raba tsaba da tsakuwa. Game da hana barci kuwa, maganinsa mai sauƙi ne: littafi ya kwana a hannun malamin ɗakin kwana ko uban gida, a mayar wa mai shi bayan an gama aikin gobe.

KIRA GA MARUBUTANMU

Saura magana ɗaya. Irin wannan labari bai keɓanta ga Turanci ba. A 1960 Muhammed Said Abdulla na Zanzibar ya fito da Mzimu wa Watu wa Kale cikin harshen Suwahili, da mai bincikensa Bwana Msa. A ƙasar Yarabawa Kola Akinlade ya rubuta labaran mai bincike Akin Olusina cikin harshensu. Mu ma gasar da aka yi a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Shehu Umar da Ganɗoki, kuma tun daga shekarun 1980 kasuwar littattafan Hausa ta Kano ta nuna samari da 'yan mata za su sayi littafi da kuɗinsu in ya ja ransu.

Fili yana nan da faɗi ga wanda zai rubuta wa samarinmu labarin bincike mai bin ƙa'ida, wanda zai faru a makarantar kwana ko a tashar mota ko a rumfar kasuwa, inda mai bin sawun zai zama ɗalibi mai ladabi da kaifin ido, mai sanin lokacin da zai kai magana gaban manya. Cikin masu karanta wannan shafi akwai malaman da suka yi shekaru suna sasanta rigimar yara, da akawunan da suka ga yadda ƙarya ke tonuwa a kan takarda. Kayan aikin yana hannunsu, alƙalami kaɗai ya rage su ɗauka.